Sha'aban da Warin Roba

Duk wanda ya taɓa zama a Unguwar Kanya, can gefen Tofa, ya san Sha'aban mai adaidaita. In bai san shi da suna ba, to ya san shi da hali, domin shi ne mutumin da in ka miƙa masa goro sai ya juya shi ya duba bayansa kafin ya ce an gode. Ba rowa gare shi ba, ba kuma mugun mutum ba ne. Haka dai Allah ya yi shi, zuciyarsa ba ta kwanciya da abu sai ya taɓa, ya shinshina, ya koma gefe ya yi nazari.

A watan Sha'aban aka haife shi, sunan ya bi shi. Mahaifinsa manomi ne mai jakai, kuma da jakan nan ya fara neman abinci. Da rani yakan kai itace da kara birni, ya dawo da mangaloli cike da taki a zuba a gona. A wannan ɗora kaya da sauke kaya ya samo ciwon bayan da bai rabu da shi ba har yau. Ba ya iya durƙusawa sosai, in ciwon ya motsa ma a zaune yake sallah. Daga jaki ya koma keke yana yawon sayar da kananzir ƙauye-ƙauye, daga baya ya samu bijimai biyu yana yi wa mutane huɗa.

Da mahaifinsu ya rasu, su biyu ya bari maza, Sha'aban da ƙanensa Yahya, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba su raba gado ba. Gonarsu ɗaya, rumbunsu ɗaya, zaurensu ɗaya, kowa da sashensa a cikin gida. A wannan yanki da gonaki suka zama siri-siri saboda rabo, har wani in ya tsaya a tsakiyar tasa yana iya miƙa wa maƙwabcinsa fartanya, gandun 'ya'yan mai jakai abin nuni ne. In 'yan'uwa suka fara rigima a kan iyaka, da su biyun ake yi musu misali.

Yahya bai ɗauko halin wansa ba ko kaɗan. Mutum ne mai fara'a, da rani acaɓa yake yi, kuma hannunsa ba ya zama haka nan. Kullum za ka gan shi da roba rataye a wuya, irin wadda ake yankowa doguwa daga cikin tsohuwar taya. A ƙasar nan babu abin da ba a ɗaurewa da ita. Ƙotar da ta tsage, tiyon ban ruwa da ya huje, kaya a bayan babur, ƙyauren da ya saki, duka roba ce maganinsu. Yahya kuwa ya fi kowa yarda da ita.

Shekarar da mai ya yi tsada har masu babura suka fara tura su da ƙafa, Abdulrashid, ɗan Sha'aban da ke aiki a Kano, ya zo da maganar adaidaita mai caji, wadda ba ta shan mai sai wutar lantarki. Kowa ya ɗauka Sha'aban zai kore shi. Sai ga shi yana ta zirga-zirga zuwa birni, yana tsare direbobin da suka riga shi saye da tambayoyi har suka fara ɓuya in sun hango shi. Abin da ya ja hankalinsa shi ne babu mai sace masa mai, babu kuma mai sayar masa da gauraye. Ya sayar da bijiman, ya shigo da ita gari, shuɗiya, tana tafiya shiru kamar ana turo ta.

Jama'a suka taru a ƙofar gida ana kallo. Yahya ya zagaya ta, ya tsuguna ya matsa taya da babban yatsa, ya ce iskar ta yi yawa, a yashin nan sai an rage. Sha'aban ya dube shi a gaban mutane ya ce, "Ka tsaya ga babur ɗinka. Wannan ba a taɓa ta." Yahya ya yi dariya, ya goge hannu a rigarsa, ya matsa baya. Dariyar dai ba ta yi tsawo ba.

Ba a daɗe ba fasinja suka koma wajen Sha'aban, musamman mata da tsofaffi. Ba ƙara, ba hayaƙi, ga sauƙi. 'Yan acaɓa suka ji a jikinsu, har da Yahya, wanda ya laƙaba wa adaidaitar suna Munafuka, wai don sai ta zo bayanka kafin ka san ta zo. Mutane suka yi ta dariya. Sha'aban ma ya murmusa, amma ya ajiye maganar a ransa.

Ana cikin damina warin ya fara. Ya ɗauko buhunan masara da wasu mata daga kasuwar Tofa, yana hawa tudun yashin da ke gab da gari, sai hancinsa ya kama wani abu kamar ana ƙona taya. Ya tsaya ya sauko. Ya dafa tayoyin ɗaya bayan ɗaya, da ɗumi amma ba na tashin hankali ba. Wata tsohuwa a baya ta ce ƙila wani ne ke ƙona bola. Ya ce haka ne, Inna, ya hau suka tafi. Amma ya san babu mai ƙona bola a tsakiyar gonakin gero da ruwa ya jiƙa.

Bai gaya wa kowa ba. Dama ana ta raɗe-raɗin cewa batir ɗin irin waɗannan yakan kama da wuta, kuma ya san akwai waɗanda in suka ji za su kai labarin kasuwa kafin azahar. In warin ya taso da fasinja a ciki, sai ya ɗage labulen gefe ya ce zafi ake yi.

Zarginsa ya fara sauka a kan mai caji, wani mai shagon sola a Tofa inda yakan jona ta da rana. Ya ce a ransa ƙila wutarsa ba ta da kyau, ko kuwa yana jona masa ragowar da wasu suka bari. Ya sauya wuri ba tare da ya ba da dalili ba, wari bai fasa ba. Ya koma kan birki, yana tafiya yana ɗaga ƙafa gaba ɗaya don kada ya taɓa shi, nan ma a banza. Ya rage lodi, ya ga warin ya ragu amma bai tafi ba. Ya bi wayar caji da hanci daga kai har gindi. Ƙarƙashinta ne kaɗai bai duba ba, domin bayansa ba zai bar shi ya kwanta ba, kuma bai ga wanda zai yarda ya shigar masa ba.

Da abin ya ishe shi ya kai ta Rijiyar Zaki wajen wani makanike, Abdulbasit, da aka ce ya san irinsu. Ya tsaya a kansa ƙyam, duk notin da aka kwance sai ya bi shi da ido har a mayar. Abdulbasit ya ɗaga kujera ya shinshina batir, ya murza wayoyi, ya ce lafiyarsu ƙalau. Ya yi masa bayani cewa warin waya daban ne, yana shaƙe maƙogwaro kamar an ƙona leda, wannan da yake kwatantawa kuwa warin robar taya ne. Ya ɗaga ƙafafun baya ya juya su, suna yawo ba abin da ke riƙe su. Ya leƙa ƙasa ya ɗago. Ko ya ga wani abu a ɗaure bai kawo shi a ransa ba, domin duk abin hawan da ke shigowa garejinsa daga ƙauye da roba a jikinsa. Ya sassauta birki kaɗan ya ce a je a gwada. Sha'aban ya tafi yana tunanin ko yaron ya san aikin, ko kuwa ya ga matsalar ya ɓoye don a sake dawowa.

Daga nan ya daina neman taimako, ya koma lura. Ya gane warin ba kullum ba ne. Yakan taso wata rana da hantsi, ya yi ƙarfi in an sha tafiya da kaya, zuwa la'asar ya mutu. Sai a yi kwanaki shiru, sannan ya dawo, kuma duk dawowa ya fi na baya ƙarfi. Ya ce a ransa lalacewar inji ba ta hutu, abin da ke zuwa yana komawa akwai mai kawo shi.

Sai aka yi wa Abdulrashid haihuwa. Sha'aban ya tafi Kano suna da adaidaitar, ya yi kwanaki can yana jigilar 'yan'uwa a kan kwalta. Ko sau ɗaya bai ji komai ba. Ya dawo gida, ta kwana a rumfar da ya yi mata a gefen zaure, washegari kafin ya kai Tofa wari ya cika masa hanci har idonsa na ruwa.

Da yamma yana cin tuwo ya tambayi matarsa Ramlat, kamar da wasa, ko yara na hawa adaidaitar in ba ya nan. Ta ce wane yaro, ai ko kaza ba ta isa ba. Sai dai Yahya, takan hango shi da safe a wajen in ta fito share ƙofar gida, lokacin Sha'aban yana masallaci. Ita ta zaci shi ya sa shi. Sha'aban ya cire hannu daga kwano. Al'adarsa ce in an idar da asuba ya zauna lazimi har rana ta fito, Yahya kuwa da an sallame yake fita.

Ramlat ta ga fuskarsa ta sauya, ta ce, "Malam, ka kira shi ka tambaye shi mana. Ƙanenka ne."

Ya ce in ya tambaya, amsar da za a ba shi an riga an shirya ta.

Tun daga ranar komai ya sami ma'ana a wurinsa. Sunan Munafuka ya dawo masa, da fasinjojin da suka bar babur, da ranar da matar Yahya ta gaishe shi ba ta rusuna sosai ba. In Yahya ya yi masa sannu da zuwa sai ya ji kamar yana auna shi ne, ya ga ko abin ya fara ci. Wani lokaci ya ce asiri ne ake turara mata, wani lokaci ya ce wani abu ake cusawa don batir ya kama. In ya tuna rumfar na jingine da rumbun da abincin gidan duka ke ciki, sai ya tashi ya je ya zagaya ta. A gona suna noma kafaɗa da kafaɗa, Yahya na ta hira, shi kuwa hannun Yahya yake kallo.

Ya sami limamin unguwa, Malam Muhammadu Sani, wanda tare suka yi karatun allo, ya zayyana masa komai. Ya ce yana so ya zo ya gani da idonsa, kuma in an cire amfanin gona a raba musu gado, shi ya gama zaman gandu. Liman ya yi ta ba shi haƙuri, ya ce zato ba hujja ba ne, a kira Yahya a zauna. Sha'aban ya ce in ba zai zo ba, gidan mai unguwa zai nufa. Liman ya ga gara abin ya tsaya a hannunsa, ya amsa ba da son ransa ba.

Safiyar farko da suka laɓe a bayan darni babu wanda ya zo, liman ya ce to ka gani. Sha'aban ya ce a ƙara. Wata safiyar, gari ya yi haske kaji sun sauko, sai ga Yahya ya fito daga zaure da roba a wuya da 'yar wuƙa a hannu. Ya waiga hanyar masallaci, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin adaidaitar, ya yi tsaki, sannan ya kwanta rigingine ya ja jiki ya shige har ƙafafunsa kaɗai ake gani.

Sha'aban ya zagayo ya tsaya a kan ƙafafun ya ce, "Fito."

Yahya ya fito da yashi a ƙeya. Ya ce, "Yaya, yau ka fito da wuri." Sai ya hango liman, ya rusuna ya gaishe shi.

"Me kake sa mata?"

"Roba."

"Ta mece ce?"

Yahya ya sosa kai kamar yaron da aka kama. Ya ce akwai wata waya mai kauri da ke tafiya zuwa injin, wato ƙarfen nan mai kama da tukunya a tsakanin tayoyin baya. Tun farkon damina ya lura maƙalinta ya karye, tana lilo dab da ƙasa, ranar da kututture ya kama ta sai dai a ji labari. Shi ne ya ɗaure ta a jikin tukunyar. Amma duk bayan kwana biyu in ya leƙa sai ya tarar robar ta tsinke. Ya ɗauka duwatsun hanya ne ke yanke ta, sai ya riƙa ninkawa, yau ma mai faɗi ya yanko daga tayar babbar mota.

Liman ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa ya miƙa hannu ciki. Ya ɓamɓaro wani abu baƙi da ya narke ya manne a jikin ƙarfen, ya kai hanci, ya miƙa wa Sha'aban. Sha'aban bai ma kai shi kusa ba ya gane. Warin nan ne da ya hana shi sakat duk damina.

Liman ya ce, "Yahya, ba dutse ke yanke ta ba. Narkewa take yi. Ƙarfen nan zafi yake ɗauka."

"Zafi kuma, Allah ya gafarta Malam? Ba ta shan mai, ba ta da salansa. A ina za ta samo zafi?"

Bai taɓa taɓa tukunyar ba sai da sassafe, lokacin ta kwana ta huce. A saninsa abin da ke ƙona mai shi ke zafi, kuma a babur ya san inda ba a kai roba. Wannan kuwa ya ɗauke ta kamar tocila.

Liman ya yi dariya har da tafa hannu, yana so abin ya tafi a wasa. Ya ce ga ɗaya na ɗaurewa a ɓoye, ga ɗaya na shaƙa a ɓoye, gida ɗaya. A nan Yahya ya fara jin labarin warin, da sauya wurin caji, da zuwa Rijiyar Zaki. Ya ce da an faɗa masa ai da tun ranar farko ya gane. Sha'aban ya ce shi ma da an faɗa masa waya ta saki, da ba a kai nan ba.

"Kai ka ce ba a taɓa ta, Yaya. A gaban mutane ka faɗa."

Yahya ya dubi liman, ya dubi darnin da suka fito ta bayansa, murmushin ya bar fuskarsa a hankali. Ya tambayi abin da ya kawo Malam da sassafe haka. Liman ya ce wucewa yake yi. Yahya ya ce cikin ladabi, hanyar bayan darninsu ba ta ɓullewa ko'ina. Sannan ya juya ga wansa.

"Me ka zaci nake sa mata?"

Sha'aban ba ya ƙarya, wannan kowa ya shaide shi. Ya kau da kai ya ce, "Abin da kowa zai zata."

Yahya ya ce, "Kowa." Ya naɗe robar ya mayar wuya, ya karkaɗe rigarsa. Ya ce a nemi maƙalin ƙarfe a sa wa wayar yau, kada a fita da ita haka. Ya tura babur ɗinsa har bakin hanya kafin ya tayar.

Gyaran bai ɗauki Abdulbasit lokacin shan shayi ba. Wari ya tafi, bai sake dawowa ba. Yahya bai yi faɗa ba, bai daina gaisuwa ba, bai yi fashin gona ko rana ɗaya ba. Hirar ce kawai ta ragu. Ashe ya koma wajen liman ya tambaye shi ko Yaya ya yi maganar rabo, liman kuwa ya kasa rantsewa cewa ba a yi ba. Da aka gama kai dawa gida, Yahya da kansa ya je ya ce a sa rana.

Liman ya yi iya ƙoƙarinsa. Ramlat ta yi ta shiga sashen matar Yahya tana fita. Amsar Yahya ɗaya ce, shi ba fushi yake yi ba, kuma ya yafe. Amma ba zai iya ci gaba da zura hannu a rumbu ɗaya da mutumin da zai tsaya yana tunanin me hannun ya fito da shi ba. Sha'aban kuwa a gaban Ramlat yakan ce laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, mai gaskiya ba ya waige-waige kafin ya shiga ƙarƙashin kayan wani. In ya kaɗaita a adaidaitar yana jiran fasinja, shi ya san abin da yake gaya wa kansa.

Ranar rabo dattawan unguwa suka hallara a gona da igiya da tushen gamba da za a dasa a iyaka. Sha'aban ya zo da magana a bakinsa, tun a hanya yake jera ta. Zai ce a dakata. Zai ce shi ne babba, shi ya yi kuskure, a bar gonar mahaifinsu yadda ya bar ta. Liman ya san da haka, shi ya sa ya miƙa masa kan igiyar ya ce, babba ke fara magana, ko akwai abin da zai ce kafin a ja?

Sha'aban ya karɓa. Ya buɗe baki, sai yatsunsa suka ci karo da wani ƙulli a jikin igiyar. Ya dube shi, ya murza shi, ya ɗaga ya nuna wa dattawa. Ya ce wannan ƙullin yana rage tsawo, wa ya kawo igiyar, kuma a wane ɓangare za a fara aunawa da ita?

Liman ya sunkuyar da kai. Yahya ya dubi wansa, ya yi dariya irin tasa ta da, wadda aka daɗe ba a ji ba, har yana share ido da hannun riga.

Ya ce, "A kwance masa."

Aka kwance. Aka ja igiya daga gindin ɗorawa zuwa bakin hanya, Yahya ya ɗauki gabas, Sha'aban ya ɗauki yamma, aka dasa gamba a tsakani kafin rana ta yi zafi.